Rukham da Giranit: Yadda Ake Wanke Daɓen Dutse Ba Tare da An Kashe Ƙyallinsa Ba

Duk wanda ya yi aikin gida, ko na otal, ko na masallaci a Makka, Madina, Jidda ko Riyad ya san dutse ne shimfiɗar ƙasar nan. Majalisa, wato falon baƙi, rukham ne, dutsen da ake kira mabul, matakala giranit, kantar kicin dutse, bangon waje ma dutse. 'Yan'uwa da suka taso a gida Najeriya ko Nijar sun fi sabawa da daɓen siminti da tayil, waɗanda kusan ko me aka zuba musu za su jure. Da wannan sabon ake zuwa, sai a ɗauki ruwan wanke masai a watsa wa rukham na dubban riyal, kafin a ɗauko bokitin ɗauraya ƙyallin ya mutu, a wayi gari ana maganar yanke albashi. Mafi yawan rukham ɗin da ya lalace a gidajen nan wanki ne ya lalata shi. Abu uku ke cin sa: tsami, yashi, da ruwan da aka bari ya daɗe a kansa.

A fara sanin wane dutse ne

Duwatsun da ake shimfiɗawa gida biyu ne, kuma kulawarsu ta bambanta. Gida na farko shi ne rukham da danginsa: farin Karara na Italiya, Kirema Marfil na Sifen, rukham ɗin Oman mai ruwan madara da ya cika gidaje masu matsakaicin ƙarfi, Galala na Masar, tarabatin na Turkiyya mai ƙananan ramuka, da dutsen Riyad fari ko rawaya da ake liƙawa a fuskar gini. Duk waɗannan asalinsu sinadarin kalsiyam kabonet ne, wato abin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Tsami yana narkar da wannan sinadari nan take. Kuma dutse ne mai laushi: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, rukham yana wajen 3, wuƙar kicin ma za ta karce shi.

Gida na biyu giranit ne da makamantansa, irin ruwan ƙasa na Najran da sauran waɗanda ake haƙowa a cikin Saudiyya, da baƙin dutsen harra da aka san Madina da shi. Giranit yana tsakanin 6 da 7 a wannan ma'auni. Lemon tsami ba ya yi masa komai a ɗan lokaci, amma yana shan mai, musamman mai hasken launi.

Sannan akwai borsalan da aka yi wa zanen rukham, wanda ba dutse ba ne ko kaɗan. Ana gane shi da maimaituwar zane: in aka duba da kyau za a ga jijiya iri ɗaya ta sake fitowa a tayil na biyar ko na shida. Dutsen Allah ba ya maimaita zanensa.

In ba a tabbatar ba, a gwada a wurin da ido ba ya kaiwa, kamar bayan ƙofa ko ƙarƙashin firji. A ɗiga ɗigo ɗaya na lemon tsami, a jira minti biyu, a goge da ruwa, a busar, a haska fitilar waya daga gefe. In wurin ya dusashe, dangin rukham ne. Wani yakan yi ƙananan kumfa, wani kuma, irin mai sinadarin dolomait, ba ya nuna kumfa amma zai dishe. In babu abin da ya canza, giranit ne ko borsalan. Wanda ya kama aiki a sabon gida, ya fi masa alheri tun ranar farko ya tambayi masu gidan irin dutsen, su zaga tare, ya ɗauki hoton duk wani tabo ko karce da ya tarar. Wannan hoton yana kashe gardama daga baya.

Abin da ba ya taɓa rukham

Ruwan wanke masai irin su Flash asid ne mai ƙarfi, an yi shi ne don fararen kwanukan banɗaki. Moyat nar da leburori ke cire siminti da ita bayan gini ta fi shi muni. Khal, wato binega, da lemon tsami, waɗanda ake yawan ba da shawararsu a bidiyoyin gyaran gida, tsaminsu yana tsakanin 2 da 3 a ma'aunin tsami na pH, alhali rukham yana son abin da ke wajen 7, wato ba tsami ba kaifi. Haka maganin cire farin gishiri daga famfo, shi ma asid ne. Clorox ba asid ba ne, amma kaifinsa ya yi yawa: in ana mofa da shi kullum yana cinye maganin kariyar da aka shafa wa dutsen, yana dusar da ƙyalli, yana kuma kodar da dutse mai duhu. Hodar goge tukwane, kirim mai gari-gari, koren soso da soson waya duk karce suke yi.

Ko giranit ɗin ma yana da nasa maƙiyin. Wasu magungunan cire tsatsa, da na wanke tayar mota, suna ɗauke da asid mai suna haidirofulorik, wanda ke cin giranit da gilashi, yana kuma yi wa fata mugun lahani. Kada a kai shi kusa da kowane irin dutse.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi rai. Ba a haɗa Clorox da ruwan wanke masai, ko da khal, ko da nashadir, wato amoniya. Haɗin yana tayar da iska mai guba, kuma banɗakunan shaƙƙa, wato gidajen fulat, ƙanana ne, wasu ko taga babu. In hakan ya faru a fice nan take, a bar ƙofa a buɗe, in numfashi ya ƙi daidaita a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997.

Shara ta fi wanki muhimmanci

Wannan shi ne abin da aka fi rainawa. Ƙurar ƙasar nan yashi ce, taurin ƙwayar yashi kuwa 7 ne, ya ninka na rukham nesa ba kusa ba. Duk takun da aka yi a kan daɓe mai ƙura, ana goge shi ne da yashi. Shi ya sa za a ga tsakiyar hanyar shiga majalisa ta dushe alhali gefen bango yana nan da sheƙinsa, ba tare da an taɓa zuba wa wurin komai ba. A Riyad da Ƙasim, lokacin guguwar ƙura daga Maris zuwa Mayu, shara sau biyu a yini ba ta yi yawa ba.

A yi ta da busasshiyar mofa mai faɗi ta maikurofaiba, a tura ta gaba ba tare da ɗaga ta ba, a tara ƙurar wuri ɗaya a kwashe. Tsintsiya mai tauri tana tayar da ƙurar ne ta koma ta sauka. In da injin zuƙar ƙura za a yi, a sa masa baki mai buroshi mai laushi, a duba tayoyinsa, don tsohuwar taya da yashi ya maƙale mata tana jan layi a daɓe. A shimfiɗa abin goge ƙafa a waje da cikin kowace ƙofa, mai tsawon da za a yi taku biyu zuwa uku a kai, a riƙa kakkaɓe shi. Ɗabi'ar cire takalmi a bakin ƙofa ta riga ta rage rabin aikin. Kuma kada a taɓa sa jiƙaƙƙiyar mofa a daɓen da ba a share ba, taɓo mai yashi za a yi ta jansa daga lungu zuwa lungu.

Wankin kansa

Bokiti biyu ake buƙata, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye mofa. A lita 5 na ruwa mai ɗumi kaɗan a sa sabulun rukham wanda aka rubuta pH 7 ko muta'adil a jikin robarsa, gwargwadon yadda aka nuna. In babu, rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke irin su Fairy ya wadatar, amma a zaɓi wanda ba a ce yana da lemo ko khal ba. Kada a ƙara a kan haka. Yawan sabulu shi ke barin wannan danƙon da ke sa sawun ƙafa ya fito a daɓe bayan an gama, ya kuma kama ƙura. Daɓen da ya riga ya yi wannan danƙon, a yi masa mofa da zallan ruwan ɗumi sau biyu ko uku a jere kafin a ce ya mutu. Da yawa sukan farfaɗo.

A matse mofa har sai ta daina ɗiga. A ɗauki wuri kaɗan-kaɗan, kamar mita biyu a kan biyu, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa. A wanke, a bi da ruwa mai tsabta, a bi da busasshen tawul ko busasshiyar mofa tun ruwan bai bushe da kansa ba. Ruwan ɗauraya da zarar ya fara sauya launi a zubar. Ɗakin da ba a yawan shiga, wanki sau ɗaya a mako ya ishe shi. Kicin da hanyar wucewa sau biyu ko uku.

Busarwar nan ba ƙawa ba ce. Ruwan da ke zuwa gidaje da yawa, musamman na wayit, wato motar tankar ruwa, da aka ɗebo daga rijiya, ko wanda ya daɗe a khazzan, wato tankin ajiya, yana da gishirin ma'adinai. In ya bushe da kansa sai gishirin ya zauna, kuma maganin da ke cire shi cikin sauƙi asid ne, wanda rukham ba ya ɗauka. A baƙin rukham da baƙin giranit, inda kowane ɗigo ke nunawa, ɗauraya ta ƙarshe da ruwan tahliya, wato wanda aka tace gishirinsa, tana kawo bambanci sosai.

Sai al'adar nan ta sakin tiyo a daɓe, a cika ɗaki da ruwa, a ja shi da roba zuwa magudana. A siramik ba laifi. A rukham kuwa ruwan yana bi ta tsagar tarwiba, wato cikon da ke tsakanin falle da falle, ya sauka ƙasa inda siminti da yashi suke, ya kwana a can, sannan ya dawo sama ta ƙofofin dutsen ɗauke da gishiri. Daga nan ake samun baƙin layi a gefen kowane falle, da farin gari da ke fitowa, da ƙananan ɓarguza. Farin rukham irin Karara yana da ɗigon ƙarfe a cikinsa, wanda in ya daɗe a laima yakan yi tsatsa daga ciki, dutsen ya koma rawaya. Koren rukham na Indiya kuma yakan lanƙwashe in ya sha ruwa. Wanda ya tsaya ya kalli yadda ake wanke filin ɗawafi zai lura da abu ɗaya: ana zuba ruwa da yawa, amma masu jan roba da injinan busarwa suna biye a baya, cikin 'yan mintuna wurin ya bushe. Farin dutsen da ke wurin, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, shi ma rukham ne, kuma ba a barin ruwa ya zauna masa.

Tabo daban, ƙuna daban

Nan ne aka fi ɓata lokaci da kuɗi. Tabo yana faruwa ne in wani abu ya shiga cikin dutsen, kuma kusan kullum ya fi dutsen duhu. Ƙuna kuwa tsami ne ya ci saman dutsen: wurin ya fi kewayensa haske, ba ya sheƙi, wani lokaci in aka shafa yatsa za a ji kaushi. Zoben da gindin kofi ke bari a tebur, wanda ake cewa shatin ruwa ne, galibi ƙuna ce. Ba wankin da zai fitar da ita, don ba datti ba ne, fatar dutsen ce ta tafi. Masu ƙara gogawa da soso mai kaushi, garin neman gira suke rasa ido.

Abubuwan da ke ƙona rukham sun cika gidajenmu: kunun tsamiya, zoɓo, tamar hindi, Vimto na azumi, lemon kwalba, laban, tumatir, shaɗɗa (miyar barkono ta kwalba), turaren fesawa, har da fitsarin yara a gefen masai. Zoɓo da Vimto ma aiki biyu suke yi, su ƙona su kuma rina. In abu ya zube, a ɗora tishu ko tsumma a tsotse shi daga gefe zuwa tsakiya. Kada a share shi gefe, faɗaɗa ɓarnar ake yi. Sannan a wanke da ruwa da ɗigon sabulu, a ɗauraye, a busar.

Tabon da ya riga ya shiga ana zuƙo shi ne da kwaɓi. Ana haɗa gari mai tsotsa, kamar bikarbonat ko garin alli ko farar hodar talk, da ruwan maganin da ya dace da irin tabon, a kwaɓa ya yi kaurin ƙullun ƙosai. A ɗan jiƙa wurin da ruwa mai tsabta, a shafa kwaɓin da cokalin roba ko na katako, kaurin rabin santimita zuwa ɗaya, ya zarce iyakar tabon da santimita biyu ko uku. A rufe da leda, a liƙe gefunan da salatif na takarda, a huda ledar wuri biyu ko uku. A bar shi awa 24 zuwa 48, a cire ledar, a ƙyale shi ya bushe ƙarau, wanda yakan ɗauki wani yinin. Bushewar ce aikin: yayin da ruwan ke fita yana jawo tabon zuwa cikin garin. Wanda ya kankare kwaɓin da danshinsa bai yi komai ba. A kankare da roba, a ɗauraye, a jira wurin ya bushe kafin a yanke hukunci, don laimar da ta rage takan yi kama da tabo. Tsohon tabo yana iya neman zagaye uku zuwa biyar.

Wane ruwa za a kwaɓa da shi? In maiƙo ne, kamar man suyar sambusa, romon kabsa, man shanu, man oud, humra ko man shafawa, asiton ake sawa. A nemi zallansa a shagon fenti, don na goge farce yana da mai da launi a ciki. Asiton yana kama wuta, saboda haka a kashe gas, a kawar da kaskon turare, a buɗe taga. Manja ya fi wuya, don mai ne kuma rini ne: a fara da asiton har maiƙon ya fita, jan da ya rage a bi shi da maganin rini.

Maganin rini, wato na gahawa, shayi, za'afaran, kurkum, zoɓo da lalle, shi ne ruwan oksijin, wato haidirojin feroksaid. Na kemis mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari yana iya wa sabon tabo. Tsoho yana son mai kashi 12, wanda masu gyaran gashi ke kira lamba 40, a samu tsararren ruwa ba mai kama da kirim ba, a sa safar hannu, a kiyaye ido. Wannan na dutse mai haske ne kawai. A baƙi ko ruwan ƙasa zai bar farin wuri wanda ya fi tabon muni. Lalle da rinin gashi suna da taurin kai, kuma wanda ya kwana ba lallai ya fita duka ba. Ranar ƙunshi a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora tsohon zane a kai, tun kafin a kwaɓa lallen.

Tsatsa ita ce mafi wuyar duka. Tushenta sananne ne: gindin tukunyar gas, ƙafar kujerar ƙarfe, gwangwanin maganin sauro ko na askin gemu da aka ajiye a jiƙaƙƙen wuri, da ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke ɗiga wuri ɗaya wata da watanni. Ruwan oksijin da Clorox ƙara kama ta suke yi. Sai dai maganin tsatsa na musamman wanda aka rubuta ya dace da rukham, kuma a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Tukunyar gas a ɗora ta a kan mazaunin roba mai taya, 'yan riyal kaɗan ne.

Farin garin gishiri da ke fitowa daga ƙasa ba a wanke shi da ruwa, don narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. A share da busasshen buroshi, a zuƙe da inji. In sabon shimfiɗi ne yakan daina da kansa bayan ya gama bushewa. In ya ƙi dainawa, akwai ruwa a ƙasa: ko bututu ya fashe, ko laimar ƙasa ce, abin da wasu unguwannin Jidda ke fama da shi saboda ruwan ƙasa yana kusa. Wannan aikin mai gyaran famfo ne, a sanar da mai gida da wuri.

Garwashin turaren wuta in ya faɗi yakan bar ɗigo fari ko ruwan toka. Wannan ma sai gogewar inji. Kasko da dallar gahawa a ɗora su a kan faranti.

Kicin, banɗaki da tsakar gida

Kantar giranit ba ta da fitina. Sabulu kaɗan, ruwa, busarwa. A kula da gefen murhu da inda ake ajiye kwalbar mai. Kantar rukham kuwa ba a yanka lemo ko tumatir a kanta ko da a gurguje, kuma ba a sauke tukunya mai zafi kai tsaye.

A banɗakin rukham, dauɗar sabulu ita ce matsala, kuma jan ruwa daga bango da roba bayan kowane wanka yana hana ta taruwa. Wadda ta riga ta taru, rabin kofi na nashadir a lita 4 na ruwa yana cire ta, amma jefi-jefi, don yawansa yana dusar da dutse. Farin gishirin da ya kama gefen famfo, a shafa shi a bushe da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000, a hankali, a share burbushin tsaf kada ya yi tsatsa. In za a wanke kwanon masai da asid, a shimfiɗa tsumma a kewayensa, a ajiye robar da buroshin cikin bokiti. Zobba da yawa da ake gani a daɓen banɗaki gindin wannan robar ne ya yi su. Shaɗɗaf, wato tiyon tsarki, in yana ɗiga a gyara shi. A kuma tuna jiƙaƙƙen rukham mai sheƙi yana da santsi ƙwarai, tsofaffi kuma suna shiga alwala da asuba, kada a bar wurin da ruwa. Abin takawa mai bayan roba yana riƙe laima yana sa rawaya, a riƙa ɗaga shi ya sha iska.

Tsakar gida da fuskar gini a wanke su da sanyin safiya ko bayan la'asar. Da rana tsaka a lokacin zafi, inda Makka ke haura digiri 45, ruwan sabulu yana bushewa kafin a kai ga ɗauraya. Dutsen Riyad yana shan ruwa kuma yana da laushi, saboda haka buroshi mai laushi da ruwan tiyo ya fi masa. In da injin feshi za a yi, a buɗe bakin ya yi faɗi, a ja baya kamar rabin mita, in ba haka ba zai fasa fuskar dutsen. Kashin tattabaru yana da tsami kuma yana ci. A jiƙa shi ya yi laushi, a kwashe da roba, kada a kankare shi a bushe ana shaƙar ƙurarsa. Inda mota ke kwana a sa faranti ko kwali a ƙarƙashin inji.

Maganin kariya

Azil na dutse ruwa ne da ke shiga ƙofofin dutsen ya rage masa shan ruwa da mai. Yana ba da lokacin da za a goge abu kafin ya shige. Ba ya hana ƙunar tsami ko kaɗan, ko me mai shago ya faɗa. Gwajin buƙatarsa mai sauƙi ne: a zuba cokali ɗaya na ruwa, a jira minti 10, a goge. In wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, yana son azil. In bai canza ba, a ƙyale shi. Baƙin giranit da yawa ba ya shan komai, azil ɗin zama zai yi a sama ya bar hazo.

Kafin shafawa dole daɓen ya zama wankakke, babu tabo, ya bushe aƙalla yini ɗaya ko biyu. A shafa da farin tsumma a wuri kaɗan, a bar shi ya sha na mintunan da aka rubuta, yawanci 5 zuwa 15, sannan a goge duk abin da ya rage a sama har wurin ya bushe a hannu. Nan ne ake kuskure: wanda ya bushe a sama yana zama danƙo mai shati. In hakan ta faru, a sake shafa kaɗan a kai ya narkar da shi, a goge nan da nan. A hana ruwa taɓa wurin awa 24 zuwa 72. A maimaita gwajin ruwan sau ɗaya a shekara, a kicin kuma duk wata shida. Kakin sa ƙyalli da ake zubawa a ruwan mofa, shawararmu a bar shi. Taruwa yake yi, ya koma rawaya, ya kama ƙura, cire shi kuma wani aikin ne.

Lokacin kiran mai jali

Ƙaramar ƙuna a rukham mai sheƙi, wadda yatsa ba ya jin kaushinta, ana iya gyara ta a gida da hodar talmi ta rukham, wato hodar sa ƙyalli. A zuba kamar cokalin shayi, a ɗiga ruwa, a murza da farin tsumma ana zagayawa minti biyu zuwa uku, a ɗauraye, a duba, a maimaita in da saura. Wadda ta yi kaushi, da karce mai zurfi, da daɓen da ya dushe gaba ɗaya, sai inji.

Jali na gaskiya gogewa ce da faifan lu'ulu'u, da ruwa, ana hawa daga mai kaushi zuwa mai laushi: 50, 100, 200, 400, 800, 1500, 3000, sannan hodar ƙyalli. Daɓen da bai lalace sosai ba ana iya fara masa daga 200 ko 400. Kowane faifai yana goge sawun wanda ya gabace shi, shi ya sa in aka tsallake ɗaya za a ga zagayayyun layuka da zarar rana ta shigo ta taga. Kafin a fara, ana buɗe tsagogin da suka lalace a cika su da joli, wato gam ɗin cike tsaga, mai launin dutsen, a bar shi ya daskare.

Akwai kuma aiki mai araha da ake kira kiristal: ana fesa wani ruwa, a murza da soson ƙarfe a ƙarƙashin inji, ƙyalli ya fito cikin awa ɗaya. Yana da amfaninsa a otal inda ake bi akai-akai, amma ba ya cire karce, rufe shi yake yi da sheƙi. A farin rukham burbushin soson yakan maƙale ya yi tsatsa, a daɓe mai laima a ƙasa kuma yana toshe hanyar fitar danshin. Saboda haka a tambayi mai aikin tun kafin ciniki: faifai nawa zai bi, daga wace lamba, yana da injin zuƙe ruwan gogewa, zai rufe ƙofofin katako da gindin bango da leda? A sa shi ya yi mita ɗaya a wurin da ya fi lalacewa, a gani. In ya gama duka, kafin a biya, a kashe fitilun ɗaki, a kwantar da fitilar waya a ƙasa ta haska daɓen daga gefe, a duba tsakiya, a duba lunguna da gindin bango, inda babban inji ba ya kaiwa sai da ƙaramin na hannu. Kayan ɗaki kuma kada a mayar da su sai an liƙa musu ƙyallen ƙafa, a ɗaga su a ajiye, ba a ja ba.